Sunan Anti a Bakin Tafinta

A ofishin nan na saman bene, inda taga ɗaya ba ta rufuwa sai an tokare ta da kwali, kowa ya san Tsinke da abu biyu: kai da baki. Kan dai Allah ya ba shi. Bakin ne matarsa kan ce da ana cire shi kamar takalmi, da ta riƙa ɓoye masa shi duk ranar aiki. Siririn mutum ne dogo, shi ya sa sunan ya bi shi tun daga makaranta har ya danne na gaskiya.

Aikinsu rubuta manhaja ta manyan ɗakunan ajiyar kaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, wace mota za a fara lodawa. Yaren kwamfutar da suke rubutu da shi mai tsantseni ne. Komai a cikinsa ɗan aiki ne da za ka miƙa wa abu ya miƙo maka amsa, ba ya taɓa kayan maƙwabci, kuma abin da ka raɗa wa suna ya zauna ke nan, ba ya sauya hali. Kafin rubutun mutum ya zama manhaja mai aiki, sai ya bi ta hannun wani shiri da ke karanta shi ya juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa. A ofishin, tafinta suke ce masa. In ka yi daidai ya wuce da kai shiru, in ka kauce ya tsaya cak ya faɗa maka layin da ka ɓata.

Abin da Tsinke ya fi kowa iyawa shi ne makiro. Makiro ɗan rubutu ne da ake ba tafinta don a koya masa sabuwar kalma ko sabon salon jimla wanda babu a yaren. Tafinta na cin karo da kalmar sai ya miƙa wa makiro jimlar gaba ɗaya, makiro ya warware ta, ya duba ta, ya sake ɗinka ta da tsohon yare, duk kafin manhajar ta fara numfashi. Wato mutum ya zama mai ƙara wa yare kalma. Tsinke kuwa ba abin da ke masa daɗi kamar ya ji mutane suna magana da bakin da shi ya ƙera musu.

Babbar ma'aikaciya a ɗakin ita ce Anti. Ta haura hamsin, kuma tun kafin a sayi kujerun da suke zaune a kai take wurin. Ita ta yi wa Tsinke tambayoyi ranar da ya zo neman aiki yana gumi cikin rigar aro, ita ta ce wa Manaja, "A ɗauki yaron nan, surutun zai ragu." Bai ragu ba. Ta zaunar da shi kusa da ita ta koya masa aikin, tana ce masa ƙanena. Ɗabi'arta ɗaya da kowa ya sani: za ta tura tabarau kan goshi, ta manta, ta hau ɗaga takardu tana tambaya wa ya ɗauke mata.

A shekarar da abin ya faru, Anti ta fara wani kuskure da ba a san ta da shi ba. In ana rubuta yadda za a yi da jerin kaya, dole a faɗi abin da za a yi in kaya ɗaya ne, in suna da yawa, da kuma in babu komai. Na ƙarshen nan take tsallakewa. Ta yi an gyara, ta sake an gyara. Wata Asabar da safe, manhajar wani ɗakin ajiya ta ci karo da motar da babu kaya a jerinta, ta tsaya ƙiƙam, motoci suka yi layi har titi. Tsinke aka kira. Yana tsakiyar koya wa 'yan biyunsa hawa keke ya bar su da uwarsu, ya wuni a ofis yana ƙunƙuni. Ranar Litinin aka ce Anti ta ɗauki dogon hutu, maigidanta ba lafiya. Kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, aka koma bakin aiki.

A makon ne Tsinke ya zauna ya ƙera makiron da ya fi kowanne kyau a duk abin da ya taɓa yi. Ya sa masa suna "zaɓi". Mutum zai jera halayen jerin kayansa, wato ɗaya, da yawa ko babu komai, a layi a layi kamar yana ba yaro saƙo, makiro ya ƙirga su, in an bar ɗaya, tafinta ya ƙi wucewa. Saura kalaman da tafinta zai faɗa in an yi mantuwar. Tsinke ya leƙa teburin Anti da ba kowa, haushin Asabar bai gama sakinsa ba, ya rubuta:

"An yi Anti a wannan layi: an manta da halin babu komai. A duba goshi, tabarau na nan."

Ya kira Kwalba, abokin aikinsa da ba ya rabo da gorar ruwa, ya nuna masa. Kwalba ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi. Sauran suka taso suka gani, ɗakin ya kaure. Wani ya tambaya, to in mutum da gangan ya bar halin fa, don ya tabbata jerin ba zai taɓa zama wayam ba? Tsinke bai ko yi tunani ba.

"Sai ya rubuta 'ba-Anti-ba' a gaban layin. Tafinta ya san da hankalinsa ya yi."

Nan take ya ƙara kalmar. A ransa na kwana biyu ne, zai sauya kafin ta dawo. Amma aiki ya yi kyau, kuskuren ya ɓace daga ofishin kamar an share, Manaja ya yaba masa a gaban kowa ba tare da ya taɓa karanta kalaman ba. Daga nan aka tattara makiron cikin kayan aikin da ake ba kamfanonin da ke sayen manhajarsu, don masu rubutunsu su riƙa ƙara nasu dokokin. Tsinke ya tuna da kalaman ranar da za a aika. Ya ce gobe. Hutun Anti ya yi ta tsawo, wata na bin wata, har kunnensa ya saba, ya daina jin sunan mutum a cikin kalmar. "Na yi Anti" ta zama kamar "na yi tuntuɓe".

Ranar da Anti ta dawo, ta rame, gyalenta kamar ya fi ƙarfin kafaɗarta. Aka yi ta gaisuwa, ya mai jiki, ta ce da sauƙi, an sallamo shi. Ta dafa kujerar Tsinke ta ce, "Ƙanena, an ce ka yi abin kirki ba na nan." Ya buɗe baki, sai ga Manaja ya leƙo yana cewa baƙi sun iso, kowa ya zo ɗakin taro, har da Anti, don ta ga inda aka kwana.

Baƙin masu rubutun wani kamfanin jigila ne, shugabarsu wata matashiya mai fara'a da saurin magana. Aka zauna, aka kunna majigi. Ta fara da yabo.

"Gaskiya zaɓin nan naku ya hutar da mu. Da can kullum sai wani ya yi Anti, yanzu sai mu yi wata ba wanda ya yi Anti ko sau ɗaya."

Kwalba ya sunkuyar da kai yana murza murfin gorarsa. Anti ta ɗan karkato.

"Ya yi me, 'yata?"

"Anti. Au, ba ki san shi ba? Bari ki gani, abin dariya ne."

Kafin Tsinke ya motsa, ta goge layi ɗaya daga rubutunta ta tura wa tafinta. Kalaman suka fito a jikin bango, manya manya, kowane harafi ya kai tafin hannu. Matashiyar ta karanta su da ƙarfi, har da na tabarau, abokan tafiyarta suna murmushi.

"Mu har a gida muke faɗa," in ji ta. "Jiya mijina ya manta makulli na ce masa ya yi Anti. Wai ma don Allah, akwai wata Anti da gaske, ko ƙirƙira ce?"

Ana jin ƙarar fankar majigi. Anti ta kai hannu goshinta a hankali, ta sauko da tabarau ɗin da ke can, ta sa, ta karanta abin da ke bango tun daga farko har ƙarshe kamar mai duba aikin ɗalibi.

"Ni ce," ta ce. "Ci gaba, 'yata, muna jin ki."

Matashiyar ta dafe baki. Tsinke ya so ƙasa ta tsage ya shige. Aka ƙarasa taron a daddafe. Anti ta yi tambayoyi biyu masu ma'ana a kan lodin motoci, muryarta ba ta rawa, wannan kuwa ya fi masa ciwo fiye da a ce ta fashe da kuka.

Manaja ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Ka san tun yaushe mijinta ke kwance? Tun kafin ta ɗauki hutu da daɗewa. Daga asibiti take zuwa nan, a kan kujerar roba take kwana. Ni kaɗai ta gaya wa, ta ce kar a sani, ba ta son a riƙa tausaya mata."

"Yallaɓai, ban sani ba."

"Da ka sani da ba ka yi ba, ko? To wanda ba ka san damuwarsa ba shi ne halal?" Ya numfasa. "Ni ma da laifina, na sa hannu a abin da ban karanta ba. Je ka cire."

Tsinke ya koma teburinsa da niyyar ya goge komai kafin a tashi. Kalaman kuskuren ba su ba shi wuya ba, layi ɗaya ne. Amma da ya nemi "ba-Anti-ba", sai allon ya cika ya tumbatsa, ya yi ta gangarawa ba iyaka. Wannan a nasu rubutun kawai ke nan. Kamfanonin waje kowanne ya shuka kalmar a nasa, in aka cire ta yau, gobe tafinta ya ƙi karanta musu komai, motoci su sake yin layi. Ya koma ya gaya wa Manaja. Manaja ya ce ba za a karya wa mutane aiki ba, a samo sabuwar kalma, a bar tsohuwar tana aiki zuwa wani lokaci, tafinta ya riƙa gargaɗin masu amfani da ita har su sauya. Magana zarar bunu ce, Tsinke ya sha jin haka, amma bai taɓa ganin bunun da aka rarraba wa kamfanoni ba.

Da ya isa gida da yamma, ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya, 'yan biyu na rigima a kan wa zai riƙe kwandon. Ya zauna a bakin baranda ko takalmi bai cire ba, ya ba ta labari. Yana sa ran ta ce kuskure ne, kowa na yi. Ta ninke zanen gado sau biyu kafin ta yi magana.

"Antin da ta zo asibiti ranar da na haifi yaran nan, ta riƙe ɗaya don in samu in runtsa?"

"Ita."

"Kai da bakin nan." Ta jefa zanen a kwando. "Ka ba ta haƙuri?"

"Ban samu fuska ba."

"Fuskar wa? Tata ko taka?"

Ta ce wa yaran su shiga ciki, sannan ta ce masa ba ta son ya aika da saƙon waya, da ƙafarsa zai je teburinta.

Washegari ya iso da wuri, ya yi gyaran. Sabuwar kalmar ita ce "da-gangan". Tsohuwar ya bar ta, ya haɗa ta da gargaɗin da tafinta kan yi wa duk kalmar da za a yi ritaya da ita, gargaɗi ne shiryayye, suna kawai ake saka masa. Dokar ofishin ita ce babu gyaran da ke fita sai babban ma'aikaci ya duba, babba kuwa yanzu ta dawo. Ya tura mata, ya zauna yana kallon bayan kujerarta, yana tattara ƙarfin halin tashi. Ita ta riga shi.

"Zo nan."

Ya je ya tsaya, hannu a baya kamar ɗan firamare.

"Anti, don Allah, ni dai..."

"Tsaya tukuna. Aiki muke. Ka gwada gargaɗin nan kafin ka turo?"

"Shiryayye ne, Anti, ba ni na rubuta ba."

"Karanta min shi. Da ƙarfi."

Ya sunkuya ya duba allonta. Ya karanta da muryar da shi kansa da ƙyar ya ji:

"Ba-Anti-ba ta tsufa, an kusa daina amfani da ita. A nemi madadinta."

Wani a bayan ɗakin ya yi tari ya fita da sauri. Garin gyaran gira, Tsinke ya tsokane ido. Anti ta dube shi ta saman tabarau, gefen bakinta ya ɗan motsa, amma ba dariya ba ce.

"Wannan kam gaskiya ya faɗa," ta ce. "Sai dai ba sai an aika wa kamfanoni ba."

Ya durƙusa a gefen teburin, a gaban kowa. Ya ce ta yafe masa, haushi ne da wauta, ya yi niyyar cirewa, bai san halin da take ciki ba. Ta bar shi ya gama.

"Tashi, kana tara min jama'a." Ya tashi. Ta rage murya. "Makiron yana da kyau. Na karanta shi jiya, ban ga abin gyara ba. Da ina da shi a lokacin, da ban tsayar da motocin mutane ba. Abin da ya tsaya min shi ne ba kai kaɗai ba ne. Duk ɗakin nan, wata da watanni, kowa na faɗa, ba wanda bakinsa ya yi nauyi. Jiya da na shigo kuna ta yi min sannu." Ta juya ga allonta. "Na yafe. Amma kar ka ce in manta a yau, mantuwar tawa ba ta kai nan ba. Je ka rubuta gargaɗin da hannunka, ya nuna layi kawai, kar ya kira sunan kowa."

Haka ya yi. Makonnin da suka biyo baya ya bi kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta musu ɗan shirin da zai sauya tsohuwar kalmar da sabuwa a rubutunsu, ya roƙe su su yi amfani da shi. Wasu suka yi nan da nan. Wasu suka tambayi dalili, dole ya faɗa da bakinsa, kowane faɗi kamar sabon mari. Wani tsohon injiniya a waya ya ce masa, "Ash, ai mu mun fi son tsohuwar, ta fi daɗin faɗa." A ofis kuwa ɗakin ya yi tsit, Kwalba ya koma gaishe da Anti har da rusunawa, abin da ya sa ta ce masa in bai daina ba za ta kwaɗa masa gorarsa. Da Tsinke tana magana, ta aiki, cikin ladabi, ba ƙari.

Matarsa ce ta ce bai kamata a ce mutum ya yi wannan doguwar jinya ba su je dubiya ba. Ya yi ta kawo uzuri har uzurin ya ƙare. Wata Lahadi da hantsi suka sayi lemo da ayaba suka tafi.

Gidan ƙarami ne, da tukwanen furanni jere a bakin ƙofa, rabinsu sun bushe. Suka tarar da maigidan a falo kan doguwar kujera, an tokare shi da matasai, sandar ƙarfe a gefensa. Hannunsa na hagu na kwance a cinya ba ya motsi, magana na fita a hankali, amma idonsa garau. Da Anti ta ce ga Tsinke, fuskarsa ta washe.

"Kai ne! Zo nan kusa, ɗana. Ai na san ka kafin in gan ka." Ya kama hannun Tsinke da hannunsa mai lafiya ya riƙe gam. "A asibiti, in ta ga na ƙosa, labarinka take ba ni. Yaron da ta ɗauka aiki, mai kai kamar wuta. Ranar da ta yi ɓarna a wurin aiki ta zo tana kuka, ta ce kai ka bar 'ya'yanka ka je ka gyara, ko ƙorafi ba ka yi mata ba. Na ce in na tashi sai na gode maka da bakina. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mata."

Tsinke ya kasa cewa amin. Matarsa ce ta faɗa a madadinsa, idonta a ƙasa. Ya ɗago ya dubi Anti. Tana tsaye bayan kujerar tana gyara wa mijinta matashi, ta dube shi ido cikin ido, ta girgiza kai kaɗan, yadda shi kaɗai zai gani. Ya haɗiye maganar da ta taso masa. Ya zauna a wurin, hannunsa cikin na dattijon, yana amsa tambayoyi a kan 'yan biyu da makarantarsu, har shayin da aka kawo masa ya huce bai kurɓa ba.

Da za su tafi, Anti ta rako su bakin ƙofa. Matarsa ta yi gaba da gangan.

"Bai sani ba," in ji Anti. "Kuma ba zai sani ba. Likita ya ce a raba shi da ɓacin rai."

"Anti, addu'ar nan ba tawa ba ce."

"To ka riƙe ta amana har ka cancance ta." Ta sunkuya ta tsinke wani busasshen ganye daga tukunyar fure ta yar. "Ku gaida yaran. Ka ce wa maman 'yan biyu na gode da lemo, yana son shi."

Ta koma ciki ta tura ƙofa. Ya tarar da matarsa a bakin titi tana jiransa. Suka taka har inda ake hawa mota, da motar ta tsaya, matarsa ta taɓa masa hannu ta ce ya shiga, rana na yi.